In Kama Masauki a Tsohon Garin Liyon?

TAMBAYA: Ni da mahaifiyata za mu je Liyon ta ƙasar Faransa bikin kammala karatun ƙanena, kwana biyar. Na ga masauki a tsohon gari, hotunansa sun tafi da ni. In kama?
Wata mai karatu, Gwarimpa, Abuja.

AMSA: Kafin ki biya ko sisi, tambayi mai gidan: hawa na nawa ne, kuma akwai lif? Gidajen unguwar, wadda suke kira Vieux Lyon, da yawansu ginin ƙarni na 15 da na 16 ne, matakalarsu ta dutse mai murɗewa kamar ta hasumiya. Na taɓa kinkimar akwati zuwa hawa na huɗu a irinsu, sai da na zauna sau biyu ina haki. Ina ga Hajiya?

Ki manta da Abuja, inda mota ke sauke mutum a bakin get. Ki tuno lungunan bayan Kasuwar Kurmi a Kano, sai dai waɗannan an shimfiɗe su da duwatsu, tayar akwati na ta ƙarƙar a kansu, kuma da yawa mota ba ta shiga. Daɗin wurin ma a nan yake. Ki tura wata ƙofa kamar ta zaure, ki ratsa tsakar gidan mutane, ki ɓulla wani titin. Traboule suke ce wa hanyar. Da an rushe wani sashen unguwar, amma doka ta kare ta a 1964, UNESCO kuma ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1998.

Sai abinci. Ƙananan gidajen abincin da ake kira bouchon sun cika unguwar, kuma naman alade ne ƙashin bayan girkinsu. Ki hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layin D, tasha biyu kacal, ki sauka Guillotière, akwai mahautan halal. Layin ne kuma zai kai ku kusa da babban masallacin garin, wanda aka buɗe a 1994.

Da ke kaɗai ce, sai in ce kama, ki dai guji ɗaki mai kallon titin Saint-Jean, don hayaniya ba ta mutuwa da wuri. Tunda da Hajiya, nemi otal mai lif wajen dandalin Bellecour. Da hantsi ku tsallaka gadar kogin Saône a ƙafa, minti goma kun isa.