Auren Roba: Darasi Daga Ajin Fassara

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na fassara ya ba kowane ɗalibi shafi guda na kimiyya ya mayar da shi Hausa. Rabona ya faɗa a kan yadda masana ke gyara halin roba. Ni da ba da Hausa na buɗe baki ba, sai da na kwana uku ina juya ƙamus ban sami kalmar da ta dace da aikin ba. Abin da na tsinta a hanya shi nake son in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai.

Da farko, mece ce roba? Idan mai karatu ya dubi carbi ko tsakiya, zai ga ƙananan duwatsu iri ɗaya an jera su a zare. Haka roba take. Kowane ɗan dutse shi ne monoma, doguwar sarƙar da suka haɗu suka yi kuwa ita ce folima. Bajamushen nan Hermann Staudinger ne ya kawo wannan bayani a 1920, aka daɗe ana yi masa musu, sai a 1953 ya karɓi kyautar Nobel. Ledar da muke zuba kayan miya a ciki sunanta folietilin, an gano ta ne bisa katari a Ingila a 1933. Ƙanwarta folifurofilin, wadda ake yin buhu da kujerun biki da ita, ta fito ne daga ɗakin binciken Giulio Natta na Italiya a 1954.

Waɗannan robobi biyu suna da araha da juriya, amma suna da wani hali: ba sa shiri da kowa. Sarƙarsu kabon da haidurojin ce zalla, saboda haka ruwa ba ya kama su, fenti da gam ma da ƙyar. In aka zuba garin katako ko zaren gilashi a cikinsu don a ƙara musu ƙarfi, sai su zauna tare kamar ruwa da mai.

Maganin shi ne a dasa wani monoma na daban a jikin sarƙar. Ana narkar da robar a cikin inji, zafin ya kai wajen digiri 180 zuwa 200, a zuba ɗan sinadarin feroksaid. Zafi ya fasa shi, ɓaraguzansa su fizge haidurojin daga wasu wurare na sarƙar, su bar gurbi. A wannan gurbi baƙon monoma yake maƙalewa. Wanda aka fi amfani da shi sunansa maleyik anhaidiraid, kuma sau da yawa bai wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin robar ba. Duk da ƙanƙantarsa, shi ne yake zama hannun da roba take kama katako ko gilashi ko ƙarfe da shi. Sai dai aikin yana son lura. Feroksaid in ya yi yawa yana tsinka sarƙar folifurofilin ta yi rauni, ita kuwa folietilin sai sarƙoƙinta su harɗe ta ƙi narkewa yadda ake so.

To, da wace kalma za a kira wannan aiki? Na fara rubuta "gaurayawa", abokin ɗakina mai karatun kimiyya ya ce ban fahimta ba, domin abin da aka gauraya yana iya rabuwa. Na koma "liƙi", shi ma a fata kawai ya tsaya. Wata Asabar na je Sabo, na tarar da wani dattijo mai sayar da dashe yana ɗaure reshen mangwaro a jikin wani. Na gaishe shi na ce, "Baba, me ake kiran wannan?" Ya ce, "Aure nake yi musu, ɗana." Nan take na san na samu. Turawan ma daga wajen masu lambu suka aro tasu kalmar, ashe Bahaushe yana da tasa tun tuni.

Ban ce kalmar ba ta da giɓi ba. Mai lambu yankakken reshe yake kawowa, amma a roba sau da yawa reshen a jikin sarƙar yake tsirowa, wani lokacin ma ƙwaya ɗaya ce tak take maƙalewa. Wata matsalar kuma ita ce "roba" kanta, domin da ita muke kiran ta bokiti da ta taya. Na ci karo da wannan a wajen bayanin ABS, wadda kamfanin LEGO yake yin tubalan wasan yara da ita tun 1963. A can, monoma biyu ake aurar wa roba mai talewa don abin ya yi tauri ba tare da saurin fashewa ba. Sai na kira mai talewar "danƙo", na bar "roba" ga mai taurin.

Malam ya karɓi "aure" da "danƙo", amma ya ja jan biro a ƙarƙashin "monoma" da "folima", ya ce aro ne na ragwanci. Na kawo "ƙwayar sarƙa" da "doguwar sarƙa", rabin aji suka ce sun yi tsawo. Mun bar maganar zuwa zango mai zuwa, kuma wanda yake da wadda ta fi, ya miƙa wa editan wannan mujalla.