Darasi: Na'omi da Baƙin Cikin Tsufa

Karatu: Rut 1:19-22

Na'omi ta komo Baitalami bayan rasuwar mijinta da 'ya'yanta biyu, har ta sauya sunanta zuwa Mara, wato ɗaci. Mu lura, Rut ba ta tsawata mata ba. Ta zauna da ita, ta fita kala domin su ci.

A Kwandere ma akwai irinta: tsohuwa ta daina zuwa sujada, ba ci, ba barci, sai kukan ciwon jiki. Mukan ce tsufa ne. In ya wuce mako 2, wataƙila ciwon damuwa ne. Ba ƙarancin bangaskiya ba ne, yana kuwa da magani. Mu kai ta asibiti a Lafia. In ta fara cewa gara mutuwa, kada a kwana.

Tambaya: Wane dattijo ne ba mu gani ba tun girbi?