Haƙa Ramin Wayar Lantarki da Tarakta: Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani

Gonaki da yawa a yau suna da rijiyar burtsatse, ko ɗakin kaji, ko injin niƙa, kuma kowannensu yana bukatar wuta. Sau da yawa janareta ko faifan sola yana wannan gefe, famfo yana can wani gefe. Wayar da aka rataya a sanduna iskar damina tana tsinka ta. Wadda aka shimfiɗa a fili kuwa shanu su tattake, ɓarayi su naɗe. Binne ta shi ne mafi alheri, amma binnewar tana da ƙa'ida.

Da farko, a san zurfi

Kafin ka tambayi abin da za a ɗaura wa tarakta, fara tambayar zurfin da ake bukata, domin zurfi shi ke zaɓar kayan aiki. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, wadda masu aikin wuta na Nijeriya suka daɗe suna koyi da ita, ta tanadi cewa a harabar gona inda motoci ke bi, kada zurfin waya ya gaza santimita 60, wato ƙafa biyu. A filin da ake nomawa kuwa, sai ya kai mita 1. Dalili a fili yake: baɗi garma za ta sake bi ta wurin, kuma direban ba zai san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Na biyu, a duba ƙasa

Ƙasar jigawa tana da sauƙin haƙa, amma gefen ramin yana zubewa. Lakar fadama da rani ta yi tauri, da damina ta yi danƙo ta riƙe taya. Marmara da tsakuwa suna cinye haƙoran ƙarfe. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da kaka, bayan ɗaukewar ruwa, sa'ad da ƙasa take da sauran laima.

Na uku, kayan aikin kansu

Garmar faifai da rija, waɗanda kusan kowace tarakta ke yawo da su, an yi su ne don noma da huɗa. Da ƙyar suke wuce santimita 30. Wanda ya ja rija sau ɗaya ya jefa waya a kwarin kunya, tarko ya haƙa wa kansa da 'ya'yansa. Amfaninsu a nan shi ne fitar da layi da kwashe ƙasar sama.

Akwai garma mai haƙori ɗaya dogo, wadda ake fasa ƙasa mai tauri da ita. Tana iya nutsewa santimita 45 zuwa 60, kuma tarakta mai ƙarfin doki 75, irin Massey Ferguson 375 da aka saba gani, tana jan ta ba wahala. Tsaga ƙasa take yi kawai, ba ta kwashewa. Idan an bi layin sau biyu ko uku, sai leburori su biyo baya da diga da shebur su ƙarasa zurfin. Ga yawancin manoma wannan ce hanya mafi sauƙin kuɗi.

Akwai kuma na'ura mai sarƙa da haƙora, wadda sandar da ke juyawa a bayan tarakta ke tuƙa ta. Tana yanka siririn rami mai tsabta, wasu nau'o'inta har zurfin mita 1. Ta dace da doguwar tafiya a ƙasa marar duwatsu, amma tana bukatar tarakta mai iya tafiya a hankali ƙwarai, kuma dutse ko saiwar babbar bishiya na tsayar da ita.

Sai hannun haƙa mai bokiti, wanda ake ɗaurawa a bayan tarakta. Shi ne gwanin marmara, saiwoyi da kwana-kwana, kuma zurfi ba ya gagarar sa. Aibinsa shi ne jinkiri, da faɗin ramin da zai sa cikewa ta yi yawa. Idan kuwa tazarar gajera ce, ko tsakanin gine-gine ne, a bar tarakta ta huta, diga ta wadatar.

Na huɗu, shimfiɗa waya

Araha ba ta ado. Wayar ɗaki ba ta zama a ƙasa. A sayi kebur mai sulken ƙarfe, ko a zura waya a bututun roba mai kauri, saboda gara, gafiya da danshi. A tsince duwatsu, a zuba yashi a ƙasan ramin, a kwantar da kebur ba tare da an ɗame shi ba, a sake rufe shi da yashi. Bayan an cike rabin ramin, a shimfiɗa ledar gargaɗi mai launi, domin mai haƙa na gaba ya gan ta kafin ya kai ga wuta. A guji haɗin waya a ƙarƙashin ƙasa. A sani kuma, gwargwadon nisan tafiya gwargwadon kaurin wayar da ake bukata, in ba haka ba wuta ta isa da rauni ta ƙone famfo.

Na biyar, kiyaye rai

A binciki inda bututun ruwa ko tsohuwar waya ta bi tun kafin a fara. Kada mai babbar riga ko rawani ya matso kusa da sandar da ke juyawa, domin tana yin zagaye 540 a minti ɗaya, in ta kama tufa ba ta saki. A kori yara daga wurin, kada kuma a bar rami a buɗe ya kwana ba shinge.

Daga ƙarshe, haɗa wutar aikin gwani ne. A nemi mai wayarin da ke da shaidar hukumar NEMSA, wadda ke duba ingancin aikin lantarki a Nijeriya, ya gwada kebur kafin a rufe ramin. Kai kuma mai gona, zana hanyar da wayar ta bi a takarda, ka kafa alama a kowace kwana, ka nuna wa iyalinka da duk direban da zai shigo maka noma.