Wanda Aka Ba Shi Aiki Yana Sauraron Wani

Darasinmu na yau a kan wani al'amari ne da ba a cika koya wa samari ba. An koya musu yadda za su rubuta takardar neman aiki, an koya musu haƙuri idan an hana su. Amma ba a faɗa musu abin da za su yi ba ran da aka ce da su, "Zo ka kama aiki ran Litinin," alhali kuwa zuciyarsu tana wani wuri dabam, inda aka gana da su tun watan jiya, ba a ba su amsa ba tukuna. Ranar murna ce, babu shakka. Ita ce kuma ranar da a ke gwada gaskiyar mutum, gama a irin wannan rana ƙarya tana da araha ƙwarai, ga shi kuma ba wanda zai kama ka nan da nan.

Mutanen Sabon Tasha sun san zancen aiki fiye da na wurare da yawa, domin aiki ne ya tara yawancin iyayensu a kudancin Kogin Kaduna. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, waɗansu masaƙu suka biyo bayanta. A 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a nan Kakuri, a 1980 kuma aka buɗe matatar mai a hanyar Kachia. Mutane suka yi ta zuwa daga ƙauyuka na kusa da na nesa, unguwanni suka cika. A zamanin nan wanda ya sami shiga masaƙa, cewa a ke yi ya haye. Amma Kaduna Textiles ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka yi shekara da shekaru suna jiran haƙƙinsu. United Nigerian Textiles ta rufe ƙofa a 2007. Matatar ma daga baya ta yi shekaru ba ta tace mai. Wanda ya tashi a unguwar da ta ga wannan da idonta, bai kamata girman sunan ma'aikata kaɗai ya ruɗe shi ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce ga wani saurayi a Unguwar Boro, ya gama karatu, ya gama bautar ƙasa, ya yi shekara biyu yana zaune. Mai wata makaranta ta kuɗi kusa da gidansu ya kira shi, ya ce ya ɗauke shi malamin lissafi, ya fara mako mai zuwa. Ga kuma wani ofis a ƙetaren kogi, wajen Kawo, inda ya yi jarrabawa, aka ce masa za a neme shi. Albashin ofis ya fi, sunansa kuma ya fi daɗin faɗi a gaban surukai. Me zai yi?

Abu na fari, sai ya rarrabe tsakanin aiki da begen aiki. "Za mu neme ka" ba aiki ba ne. "Sunanka yana ciki," in ji wani kawu da ya san wani a ofis, wannan ma ba aiki ba ne. Aiki shi ne wanda mai ikon ɗauka ya faɗa maka da bakinsa, ko, abin da ya fi, ya rubuta maka, da ranar farawa da yawan albashi. Ka tuna da abin da ya faru ran 15 ga Maris, 2014, sa'ad da Hukumar Shige da Fice ta kira masu neman aiki jarrabawa a filayen wasa: mutum fiye da 500,000 suka nema, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba, har waɗansu suka rasa rayukansu cikin turereniya. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar gida da safe yana ganin kamar aikin nasa ne. Idan kuwa an ce sai ka ba da kuɗi kafin takardarka ta fito, to, ka wanke hannunka. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti musamman domin binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya. Mai saye da mai sayarwa, laifinsu ɗaya ne, ƙari a kai mai saye ya kan rasa kuɗin, ya rasa aikin. Mutanen da sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ko da shi ke haka ne, ba mu ce saurayin nan ya karɓi aikin makaranta ido rufe ba. Akwai hanya ta gaskiya, mai sauƙi kuwa, sai dai kunya ke hana mutane binta. Ya tafi wurin mai makaranta, ya gaishe shi, ya yi godiya, kana ya ce, "Maigida, na ji daɗin wannan karamci. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai wani wuri da na nema tun kafin naka, ban ji daga gare su ba. Ina roƙo ka ba ni zuwa ran Jumma'a, in zo maka da magana guda." Ka lura, ya yanka rana. Mai cewa "ka ɗan ba ni lokaci" ba tare da rana ba, ya ɗaure mutum ne da igiya marar iyaka. Mai yiwuwa ne mai makaranta ya ce ba zai iya jira ba, gama yara suna aji ba malami. Wannan haƙƙinsa ne, kada a ji haushinsa. Amma sau da yawa mai ɗaukar aiki, in ya ji irin wannan magana, sai darajar yaron ta ƙaru a idonsa, domin ya gane irin mutumin da zai danƙa wa mabuɗi.

Daga nan sai ya nufi ofis ɗin, ko ya rubuta musu, ya ce an ba shi aiki a wani wuri, an sa masa wa'adi, yana so ya san matsayinsa. Wannan ba rashin kunya ba ne. Abin da ke rashin kunya shi ne ƙarin gishiri: mutum ya ce an yi masa tayin naira 150,000 alhali 60,000 aka ce, domin a tsorata a ƙara masa. Masu ɗaukar aiki a gari ɗaya sun san juna fiye da yadda yaro ke zato, suna haɗuwa a wurin biki da wurin makoki. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kwanakin nan da aka ba shi, na lissafi ne, ba na mafarki ba. Mu ce makaranta za ta biya naira 60,000, da ƙafa kuwa zai riƙa zuwa. Ofis zai biya 90,000, amma sai ya shiga mota daga Sabo zuwa Kasuwa, daga can zuwa Kawo, ya kuma komo. Idan kuɗin mota na kwana ɗaya ya kai naira 1,500, a kwana 22 ya tashi 33,000, saura 57,000 ke nan, ban da abincin rana da sa'o'in da za su tafi a kan hanya. Misali kawai muka buga, kowa ya sa nasa adadin. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wanda bai yi wannan lissafi ba ya cuci kansa. A wani gefen kuma, ofis yana iya samun abin da makaranta ba ta da shi. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikatar da ke da mutum 15 ko fiye, maigida zai zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, a asusun tsufansa. Dokar 2024 ta sa mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000, amma ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi ya sa ƙaramar makaranta ke iya biyan ƙasa da haka. Ya tambaya kuma, cikin ladabi, ko ana biyan albashi a kan kari; waɗanda ke aiki a wurin su ne za su gaya masa gaskiya. Aikin gwamnati ma, da a ke yi wa kallon tudun mun tsira, yana da nasa. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, 21,780 suka faɗi, aka sallame su. Cikin sababbin da aka ɗauka a madadinsu ma an sallami fiye da 4,000 a 2018.

Yanzu mun zo ga wuri mai wuya. Jumma'a ta yi, ofis bai ce kome ba, saurayi ya ce wa mai makaranta, "Na karɓa." Ya fara aiki. Bayan mako biyar sai ga takardar ofis. A nan ne da yawa su kan faɗi. Wani sai ya jira albashi ya shiga, washegari ya kashe wayarsa, ba a ƙara ganinsa ba. Wani kuma ya ce uwarsa ba ta da lafiya a ƙauye, ya nemi izinin mako biyu, ya tafi ya ɗanɗana sabon wurin, yana riƙe da tsohon ko da za a fasa. Taura biyu ba su taunuwa, wanda kuwa ya sa wa uwarsa ciwon ƙarya domin albashi, ya sayar da abin da ya fi albashin tsada.

Ba mu ce haramun ne ya tafi ba. Ma'aikaci ba bawa ba ne, doka kuma ta ba shi ƙofar fita. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ce wanda aikinsa bai wuce wata 3 ba, notis na kwana ɗaya ya isa. Daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 2, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Shekara 5 ko fiye, wata guda. Notis na mako ɗaya ko fiye, a rubuce a ke ba da shi. In kuwa takardar da ya sa wa hannu ta ce wata guda, to, wata guda ke kansa. Amma doka ƙasan ma'auni ce kawai. Kwana ɗaya ya ishi alƙali, bai ishi yara 40 da ke shirin jarrabawar WAEC ba. Bai ishi mutumin da aka hana aikin nan domin an ba shi ba, wanda watakila ya riga ya koma ƙauye. Bai kuwa ishi dattijon da ya tsaya masa, ya ce, "Yaron nan na san gidansu," gama gobe in ya kawo wani yaro, ba za a saurare shi ba. Ga abin da samari ba su cika gani ba ke nan: mai gudu ba sallama ba ƙofarsa kaɗai ya ke rufewa ba, har da ta ƙannensa.

Saboda haka, a ganinmu, sai ya fara zuwa wurin dattijon nan, kana wurin mai makaranta, da takardar a hannunsa, ya faɗi yadda abin ya ke. Ya roƙi sabon wurin su ɗaga masa ranar farawa, ko zuwa ƙarshen wata, ko ƙarshen zangon karatu in zai yiwu. Ba za a san ko za su yarda ba sai an tambaya. Idan kuwa tun farko ya yi alkawari da bakinsa cewa zai kai ƙarshen shekara, aka kuma ba shi wani abu bisa ga wannan alkawari, kamar ɗaki ko kuɗin somin-taɓi, to, maganar ta sake. Alkawari kaya ne. Sai mai makaranta ya sauke masa shi da yardarsa. In bai sauke ba, ya ɗauka har ya kai, ko da takardar ofis za ta wuce shi. Mun sani wannan magana tana da ɗaci ga wanda ya yi shekara biyu yana zaune, ba kuwa da wasa muka faɗe ta ba.

Wurin da ya ƙi kuma, ko makaranta ce ko ofis, yana bin sa bashin amsa. Layi uku sun isa: godiya, da cewa ya zaɓi wani wuri, da fatan alheri. Ya aika a ranar da ya yanke shawara, kada ya bari sai an neme shi, domin a kira na bayansa tun bai fid da rai ba. In barin aiki zai yi, ya gama duba takardun yara, ya rubuta wa wanda zai gaje shi inda kowane aji ya tsaya, ya mai da littattafai da mabuɗin kabad hannu da hannu, a ƙirga a gabansa.