Hakkin Ɗan Ƙasa Idan Ɗan Sanda Ya Wuce Gona Da Iri

Sanin kowa ne an kafa Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya domin tsare rayuka da dukiyoyin jama'a. Amma kakin da ɗan sanda ya sa bai fid da shi daga ƙarƙashin doka ba. Idan ya zalunci mutum, wanda aka zalunta yana da ikon kai ƙara kotu ya nemi diyya. Hanyoyin yin haka biyu ne.

Hanya Ta Farko: Duka Da Tsarewa

Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana azabtar da mutum ko wulaƙanta shi. Sashe na 35 kuwa ya ce lalle a gabatar da wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya, idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu, sai fa in kotu ta ga dalilin ƙarin lokaci. Wanda aka tsare ba bisa doka ba, hakkinsa ne a biya shi diyya, a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Haka nan Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta yanka ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya gana wa wani azaba, kuma cewa "na gaba da ni ne ya sa ni" ba hujja ba ce. Dokar Gudanar Da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta hana kama uba ko mata a maimakon wanda ake nema, ta kuma hana kama mutum saboda bashi kurum.

Babbar Kotu ake kai irin wannan ƙara, bisa ga sashe na 46. Ƙa'idodin 2009 sun yarda ɗan'uwa ko ƙungiya su shigar da ita a madadin wanda ke tsare.

Hanya Ta Biyu: Ƙara Ta Ƙeta

Watau a ƙulla wa mutum sharri, a ja shi kotu alhali an san ba shi da laifi. A shari'ar Balogun da Amubikahun ta 1989, Kotun Ƙoli ta bayyana abubuwa huɗu da mai neman diyya zai tabbatar:

1. Wanda yake ƙara shi ne ya haddasa shari'ar.
2. Shari'ar ta ƙare, kotu ta sallame shi.
3. Tun farko babu ƙwaƙƙwaran dalilin tuhumarsa.
4. Ƙeta ce ta sa aka yi, ba neman gaskiya ba.

Idan ɗaya ya faɗi, ƙara ta faɗi. A lura kuma, ba ɗan sanda kaɗai ke shiga wannan tarko ba. Mutumin da ya zuga 'yan sanda a kan abokin gabarsa saboda rikicin gona ko na kasuwa, shi ma yana iya biyan diyya daga aljihunsa.

Abin Da Za Ka Tanada

Alƙali ba ya hukunci da labari, sai da shaida. Saboda haka ka je asibiti nan da nan ka karɓi takardar likita. Ka ɗauki hoton rauni. Ka rubuta rana da lokaci da caji ofis da sunan jami'in ko lambarsa. Ka san mutanen da abin ya faru a kan idonsu. Ka nemi kwafin hukuncin da ya wanke ka. Kada ka yi jinkiri, gama waɗansu ƙararraki a kan ma'aikatan gwamnati suna da wa'adi gajere.

Idan ba ka da kuɗin lauya, sai ka tafi ofishin Hukumar Ba Da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ko na Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995.

Jama'a, kada ku rama da hannu, kada kuma ku yi shiru. Kotu ce wurin karɓar hakki.