Kare Tanka a Warhammer 40,000: Abin Yi da Abin Bari

Warhammer 40,000 wasan yaƙi ne da ake yi a kan tebur da 'yan ƙananan sojojin roba, da tef ɗin awo, da dayis irin na ludo. Kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila ne ya fito da shi a 1987, kuma duk ƙa'idar da zan ambata ta bugu na goma ce, na 2023. Da kai nake, mai Leman Russ ko Rogal Dorn, wanda kullum tankarsa ke mutuwa kafin zagaye na uku.

Ka fara sanin aikin shinge. Sojojin ƙasa masu arha da kake jerawa gaban tanka, ko 'yan Cadia ne ko Gretchin, ba harsashi suke tarewa ba. Tanka ta fi su tsawo, kuma muddin abokin gaba na hangenta zai harbe ta. Ɓuya daga harbi aikin kango ne, ka laɓe a bayansa. Shinge fili yake cinyewa, ya hana maƙiyi wurin tsayawa.

Kada ka yi awo da ido. Ɗauko tef. Rundunar da ke dirar mikiya daga ajiya, wato daga wajen tebur, irin su Terminators, dole ta sauka nesa da duk wani sojanka da fiye da inci 9. Daga nan sai dayis biyu sun ba ta 9 ko sama kafin farmakinta ya iso, abin da ke faruwa sau 10 cikin 36. Kada wannan ya kwantar maka da hankali, domin da dabarar sake jefa dayis sa'ar tana kusan ninkawa.

Kada ka manna shinge a jikin tanka. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ya fi ba ni haushi. Ka tura shi gaba da fiye da inci 4. Dalili biyu ne. Na farko, 9 da 4 sun haura 12, ke nan mai dira ya fita daga tazarar da doka ta yarda a ƙaddamar da farmaki, ya kuma fita daga zangon bindigar melta ta hannu. Na biyu, wanda ya gama karkashe shingenka yana da damar matsawa inci 3, kuma inci 1 kawai yake buƙata tsakaninsa da tankarka a ce ya riƙe ta. Tankar da aka riƙe tana harbi, amma an rage mata saiti da ɗaya, manyan bindigoginta masu fashewa kuma ba sa taɓa wanda ya maƙale mata. Ka biya makin giwa ka tashi da aikin akuya. Ga kuma ƙari: in tanka ta tarwatse ta yi bindiga, duk wanda ke cikin inci 6 da ita zai sha rauni, har da naka.

Ka waiwaya baya. Faɗin teburin inci 60 ne, zurfinsa 44, kuma kusurwoyin bayanka ne masaukin baƙi. 'Yar ƙaramar runduna ɗaya ta ishi kusurwa. Masu Space Marines su ajiye Infiltrators, waɗanda ke korar masu dira har inci 12.

Kada ka miƙe layi har ya tsinke. Rundunar da ta kai soja bakwai, kowane sojanta sai ya kasance cikin inci 2 da 'yan uwansa biyu. Kai ke zaɓen wanda zai mutu idan an harbe ka, don haka kada ka cire na tsakiya, in ba haka ba a ƙarshen juyi doka za ta kwashe waɗanda suka yanke. Kada kuma ka bar ratar da gindin sojan maƙiyi zai iya kurɗawa. Na Terminator milimita 40 ne.

Ka tambayi abokin wasanka tun kafin a fara: me ke tashi sama, me ke sauka kusa fiye da inci 9? Masu tashi tsallake shinge suke yi, maganinsu shi ne a cike wurin da za su sauka. Ba kunya a tambayar, kunyar tana ga wanda ya ɓoye.

Kada ka ji tausayin shinge don ka kwana kana masa fenti. Don ya mutu ka kawo shi. Amma kada ka bayar da shi duka a zagayen farko, tunda masu ajiya sai zagaye na biyu suke fara shigowa, kuma a wasan gasa wanda bai shigo ba zuwa ƙarshen na uku ya halaka. Da zarar ajiyar maƙiyi ta ƙare, ka sallami masu gadin kusurwa su tafi kama wuraren cin maki.