Darasin Hunturu: Yadda Ake Tsane Mota Bayan Wanki

Duk wanda ya bi titin Nnamdi Azikiwe ta wajen Tirkaniya ya san wuraren wankin mota ba sa rabo da layi, balle a watan Disamba da Janairu da ƙura ke rufe komai. Cikin masu wannan sana'a akwai 'yan uwanmu ɗaliban Kadpoly da ke haɗa kuɗin rajista da na handawut da ita. Sai dai da yawa sun iya wanki, ba su iya tsanewa ba, alhali a hunturu tsanewar ce ke nuna ko kwastoma zai dawo.

Mu fara da iskar kanta. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, iska tana kaɗowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura mai yawa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Busasshiya ce ƙwarai. Abubuwa uku ne ke sa ruwa saurin zama tururi: zafi, kaɗawar iska, da ƙarancin danshi a cikinta. Hunturu yana da biyun ƙarshe a wadace, da rana ta ɗaga kuma sai na farkon ya ƙaru. A Kanada ko Rasha, mai wankin mota tsoronsa ruwa ya daskare a makulli da robar ƙofa idan sanyi ya kai digiri 0. Mu a Kaduna sanyinmu bai kai nan ba. Tamu matsalar ita ce ruwa ya bushe kafin hannu ya kai gare shi.

To, me ya sa hakan matsala ne? Ruwan rijiya da na burtsatse yana ɗauke da narkakkun ma'adinai irin su kalsiyam da magnesiyam. Idan ɗigo ya bushe, ruwan ne kawai ke tashi, ma'adinan su zauna a fenti da gilashi. Su ne farin tabon nan mai kama da zobe, wanda ya fi fitowa a baƙar mota. Kana iya gwadawa: ɗiga ruwan burtsatse a gilashi, a gefensa ka ɗiga tataccen ruwan ɗakin gwaji, ka bar su su bushe, ka ga wanne ya bar shaida.

Matsala ta biyu ƙura ce. Jiƙaƙƙiyar mota tana kama ta nan take, kuma a cikin ƙurar akwai ƙananan ƙwayoyin kwaz, wato sinadarin yashi. A ma'aunin tauri na Mohs, kwaz yana mataki na 7, gilashi kuwa wajen 5.5, fenti kuma ya fi su laushi nesa. Ka ga ke nan wanda ya goga tsumma a kan ƙura, kankare fentin yake yi a hankali.

Ga tsarin da ya dace:

1. Yi wanki a inuwa, inda akwai katangar da ta tare iska. Safiya ko yamma ta fi. Idan bonet na da zafi, jira ya huce.

2. Kada ka wanke mota duka sannan ka dawo tsanewa. Fara da rufi, ka ɗauraye, ka tsane, sannan gilasai, bonet, but, ƙofofi, tayoyi a ƙarshe.

3. A ɗauraya ta ƙarshe, cire kan feshi daga tiyo, ka bar ruwa ya kwaranya a hankali daga sama. Zai sauka a shimfiɗe ya tafi da mafi yawan ɗigon.

4. Sami tawul mai laushi na maikirofaiba, ba tsohuwar singileti ba. Shimfiɗa shi ka ja a miƙe, ban da murzawa a zagaye. Idan ya faɗi ƙasa, a wanke shi kafin ya sake taɓa bodi. Na taya daban, na bodi daban.

5. Buɗe ƙofofi, but da murfin tanki ka goge lungunan. Bi ƙarƙashin madubi da waifa, don ruwan da ya maƙale a nan shi ke gangarowa daga baya ya ja layi.

6. Faɗa wa mai motar ya tashi a hankali yana ɗan taka birki, domin jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa sosai da farko.

Idan tabo ya riga ya fito, haɗa ruwan kal da ruwa rabi da rabi, ka shafa, ka ɗauraye nan da nan, ka tsane. Ka kuma guji garin sabulun wankin kaya, yana cinye kakin da ke kare fenti.

Hannunka ma jari ne. Sabulu da busasshiyar iska suna kwashe maiƙon fata, sai kaushi da tsagewa su biyo baya, ga shi da hannun nan za ka riƙe biro a jarrabawa. Sa safar hannu ta roba, ka shafa basilin bayan an tashi aiki.

Kafin ka miƙa makulli, zagaya motar sau ɗaya, ka sunkuya ka kalli bodin ta gefe inda haske ke faɗowa. A nan tabo da layi suke bayyana, gara kai ka fara ganinsu kafin mai mota.